Daɓen Ɗakin Inna

Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba. Ni ce 'yar fari, kuma a gidanmu na Tsohuwar Gwaram 'yar fari ba ta da wannan gatan. "Ke" ce ni, ranar da abin ya yi daɗi in zama "yarinyar nan", har na aurar da 'ya'yana ina yarinyar nan. Autanmu kuwa, wanda ni na goya shi har ya yi wayo, sunansa ba ya barin bakinta, ko tuntuɓe ta yi shi take kira. Na faɗi haka tun da wuri don in an ji ina yi masa tsiya a labarin nan, a san tsohuwar tsama ce ta yaya da ƙane. Mutumin kirki ne, hannunsa a sake yake, sai dai gaggawa kamar an biyo shi.

Gidan yana can cikin unguwar da mota ba ta shiga lungunanta. Kakan mahaifinmu ne ya kafa shi, ginin ƙasa ne tun daga zaure har makewayi. Ƙofar zauren gajera ce, duk wanda ya zo sai ya sunkuya, da mai rawani da mai tallan goro. In ka shiga ka ɗaga kai sai ka ga azara a jere, ta yi baƙi saboda daɗewa, a kan bakuna da suka taso daga bango suka haɗu a tsakiya, an manna wani tsohon faranti a mahaɗarsu. Mun sha jifan farantin nan da tsakuwa don mu ji ƙararsa, mun kuma sha bulala a kansa. A waje kowace kusurwa da zankonta a tsaye, ga indararo yana zubo ruwan damina cikin lungu, mu kuma muna ƙarƙashi muna ihu. Bangon yana da kauri, tagogin 'yan ƙanana ne can sama. In ka shigo daga ranar bazara sai ka ji kamar ka leƙa cikin randa.

Bango da rufi aikin maza ne. Duk shekara kafin ruwa ya sauka Baba yakan kira magina su hau su yi yaɓe, su toshe inda ya tsage, mu kai musu kunu. Amma ƙasan ɗaki na mata ne, namiji ba ya sa hannu, ko leƙe ba ya yi. Shi ne daɓe.

Na ga an yi shi da idona ina 'yar ƙarama, a ɗakin da za a kawo wa ƙaramin baffana amarya. An zuba tsakuwar marmara an baje. Tun kwanaki kafin nan an jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, a manyan tukwane, ruwan ya yi ja ya yi duhu, warinsa ya cika gida. Sai ga dangin amarya sun zo gayya, kowace da madaɓinta, guntun itace mai faɗin ciki da mariƙi. Suka ci ɗamara suka durƙusa a jere, ana yayyafa musu ruwan makuba suna bugu suna ja da baya. Ɗaya tana ba da waƙa saura suna amsawa, bugun yana faɗuwa daidai kan amshi, har ka ji shi a ƙirjinka kana tsakar gida. Waƙar kuwa habaici ce zalla ga dangin ango. An ce furarmu tsululu ce, an ce rowa ce ta hana gwaggona ƙiba. Gwaggo tana jin su tana dariya tana ƙara musu fura. Ba a wuni ɗaya ake gamawa ba, a buga, a bari ya sha iska, a dawo a sake. In ya kammala sai ƙasa ta yi ja mai duhu, ta yi sumul tana ɗaukar ido, ko ruwa ka zubar tsayawa yake yi a kai.

Na ɗakin Inna an yi shi kafin a kawo ta gidan. Ita 'yar wani ƙauye ce ta wajen Kwandiko, kuma daga can mahaifiyarta da gwaggonninta da ƙawayenta suka taso a ƙafa, madaɓai a cikin ƙorai, suka zo suka yi kwanaki suna bugu. Amarya ba ta zuwa daɓen ɗakinta, amma Inna ta san labarin kamar tana wurin, ta san wadda ta buga ko'ina. Bakin ƙofa mahaifiyarta ce ta kama, ta hana kowa, ta ce nan ne ƙafa za ta fi ci. Gefen gado wata ƙawarta ce bahaguwa, shi ya sa wurin ya ɗan gangara. Gindin randa kuwa wata gwaggo ce mai son jiki, wadda bakinta ya fi hannunta aiki, kuma nan ne ya fara lotsawa. Inna tana shara take ba da wannan labari. Ba ni take ba wa ba, ni ai ba a yi mini hira, bango take gaya wa, ni kuma ina kusa da bangon.

Ta riƙe daɓen nan da kyau. In ya fara dusashewa sai ta jiƙa makuba ta shafe shi, in ya farfashe a wani wuri ta kira maƙwabta su cike su buge. A kansa aka haife mu duka, da mu da muka zauna da waɗanda suka koma. A kansa muka yi rarrafe. Lokacin zafi ba ma neman tabarma, mukan kwanta mu manna kunci a ƙasa, yana da wani sanyi da ɗan ƙamshi-ƙamshi da ban sake jin irinsa ba.

Aure ya kai ni Birnin Kudu. Daga nan nake zuwa ganin gida, kuma duk zuwa sai na tarar an sami giɓi a unguwa. Masu hali sun koma Sabuwar Gwaram sun yi bulo da kwano a bakin titi, sun bar tsoffin gidaje a rufe. Ginin ƙasa kuwa ba ya son kaɗaici. In babu mai hawa ya duba rufi, babu mai hura wuta a ciki, gara takan shiga azara, damina ta zo ta ƙarasa. Sai ka ga soro ya durƙusa, tumfafiya ta fito a tsakiyarsa, awaki suna hawa. Gidan marina ya tafi, gidan tsohon liman ya tafi. Guntun ganuwar da muke hawa muna hangen gonaki, masu gini suka yi ta ɗiban ƙasarta har ta koma ɗan tudu.

A Birnin Kudu ma haka ne. Akwai wani zaure a cikin gari, ta wajen duwatsu, da nake wucewa in zan je kasuwa, mai zane a goshinsa, irin wanda ake yi da yatsa tun yaɓe yana ɗanye. Na yi shekaru ina kallonsa ban taɓa tambayar na su wa ne ba. Wata rana na bi ta wurin na tarar da shagon cajin waya. Ban yi kuka ba, na ma taɓa kai tawa wayar caji a can. Ni kaina a gidan bulo nake, kuma ni ce na hana maigidana sakat sai da ya sa mini tayil a ɗakuna, don na gaji da kallon na maƙwabciyata. Kowa yana son ci gaba. Sai dai in na tuna zauren nan yanzu nakan ji kewarsa.

Bayan rasuwar Baba, Inna ta ci gaba da zama a ɗakinta, ɗan baffanmu da iyalinsa suna ɗaya sashen. Autanmu yana Sabuwar Gwaram yana sayar da hatsi. Sai idonta ya fara ba ta matsala. Da farko ta ɓoye, kuma ɓoyon bai yi mata wuya ba, don a cikin gidan nan tana zuwa randa, tana zuwa madafa, ba ta taɓa karo da komai ba. Asirinta ya tonu ne ranar da jikanta ya shigo ta gaishe shi gaisuwar baƙo. Na ɗauko ta zuwa Birnin Kudu saboda asibiti. Likita ya duba ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, jijiyar ce ta gaji, sai dai a yi ta ɗiga magani a riƙe ɗan abin da ya rage. Abin da ya ragen ma bai daɗe ba. Zuwan 'yan kwanaki ya zama zaman shekaru.

Ban taɓa ganin mutum ya takura kamar yadda Inna ta takura a gidana ba. Na farko dai gidan suruki ne. Da ta ji tarin maigidana a tsakar gida sai ta ja mayafi ta yi tsit, ko loma ce a hannunta sai ta ajiye. Shi kuwa bawan Allah ya koma shiga gidansa a sace, yana ɗaga ƙafa kada ta ji. Na biyu kuma tayil ɗin nan nawa da nake taƙama da shi. Inna takan tashi daga gado ta yi 'yan taku, sai ta tsaya cak a tsakiyar ɗaki, hannu a miƙe. Ba za ta kira ni ba, kunya ba za ta bari ba. Haka za ta tsaya har wani ya wuce.

Wata rana na ce, "Inna, me ya sa ba kya yin magana? Ga ƙofa nan a damanki."

Ta ce, "Ƙasan nan naku ko'ina ɗaya ne. Ba ya gaya wa mutum inda yake."

Na ɗauka ƙorafin tsufa ne kawai, sai daga baya na gane abin da take nufi. A ɗakinta na Gwaram ƙafarta ce idonta. In ta ji gangara ta san gado ne, in ta ji kwari ta san randa ce. Wurin sallarta ya fi ko'ina sulɓi, kuma akwai wata tsohuwar tsaga da aka taɓa cikewa, ta bar ɗan tudu siriri da ya miƙe sosai gabas. Tana ɗora ɗan yatsan ƙafarta a kai ta shimfiɗa abin sallah ta ta da kabbara, ba ta neman kowa.

Abin ya zo ƙarshe ne wata la'asar. Na shiga ɗakin na tarar tana raka'a ta ƙarshe, ta ba gabas kafaɗa, tana fuskantar kudu. Yara sun share ɗakin sun ja abin sallar ba su mayar daidai ba. Na jira ta sallame na gaya mata, a hankali na faɗa, wallahi a hankali. Sai ta tambaya ko azahar ma haka ta yi. Na ce ban sani ba. Na gaya mata abin da malamai suke faɗa, cewa Allah ba ya kama wanda bai sani ba. Sai na ga hawaye yana bin kuncinta. Ko ranar da aka fita da gawar Baba ban ga hawayenta ba, a bayan ɗaki ta yi nata.

Washegari ina gyara mata gado ta juya fuska wajen bango ta ce, "A gaya wa yarinyar nan a mai da ni ɗakina."

Daga ni sai ita a ɗakin. Na ce, "Inna, wa zai kula da ke a can? Ga magani, ga wanka, ga ɗakin ma an ce yana yoyo."

Ta ce, "A gaya mata ban zo duniya don in mutu a gidan suruki ina sallah ina kallon kudu ba. A can ko ba ido na san gabas."

Na ji haushi ƙwarai. Ni nake yi mata wanka, ni nake dama mata kunu yadda take so, ni nake bin layin asibiti, a ce wai tsohon ɗakin ƙasa mai yoyo ya fi nawa. Na yi kwanaki ina kumbure-kumbure, ina buga kwanuka a madafa don ta ji. Ita kuwa ta rage cin abinci, ta daina hira da jikoki. Maigidana ne ya sa baki, ya ce in ƙyale ta, tsare mutum da alheri ma tsarewa ce. Aka yi magana da matar ɗan baffanmu ta ce za ta riƙa yi mata girki da wanka, autanmu ya ce kullum zai leƙa. Na haƙura.

Saura gyaran ɗaki. Na kira autan a waya na buɗe murya na sa mata a hannu. Inna ba ta yarda waya tana kai magana Gwaram ba sai an taimaka mata, don haka ihu take yi. Ta kira sunansa har da kirari.

Ya ce, "Na'am Inna, ina jin ki."

"Gida nake so in dawo kafin azumi."

"Alhamdu lillahi! Ai mun daɗe muna jiran wannan rana."

"Ka sa a hau rufin nan a duba. Sannan an ce ruwa ya ɓata mini gindin randa. Ɗakina yana son daɓe. Ka nemo masu yi, ka ba su abinci mai kyau, kada ka ba ni kunya."

"An gama, Inna. Daɓe kam za ki ga daɓe."

"Yo da wane idon zan gan shi?" in ji ta, ta kuwa fashe da dariya. Rabon da in ji dariyarta har na manta.

Na karɓi wayar na ce, "Kai, a ina za ka samo masu daɓe a wannan zamani?"

Ya ce, "Haba Yaya, masu daɓe ai sun fi a ƙirga. Ko a bayan shagona akwai su."

Na yi mamaki, amma na ce to, wataƙila matan Gwaram sun fi namu riƙo da tsohuwar al'ada. Har na ji sun burge ni.

Makonnin da suka biyo baya Inna ta zama wata daban. Ta koma cin abinci, har tana cewa miyar ba ta ji daddawa ba. Nakan ji ta tana rera wata waƙa ƙasa-ƙasa tana buga tafin hannu a gwiwa. Ta so ta aika wa autan ya tabbatar an jiƙa makubar sosai, sai kuma ta fasa, ta ce mata masu aiki ba sa son namiji ya tsaya musu a ka. Ta sa na sayo mata goro da sabulu da turaren wuta, ta ƙulle su da kanta a ɗankwali, ta ce tukuicin masu daɓe ne, ita za ta miƙa musu hannu da hannu. Kullum sai ta lalubo ƙullin ta ji yana nan.

Ranar tafiya tun da hantsi muka kama hanya. A mota ta zauna ƙyam, ko jingina ba ta yi ba, ƙullin yana kan cinyarta. Motar ta ajiye mu a bakin unguwa, muka shiga lungu a ƙafa, ina riƙe da hannunta na dama, na hagun tana bin bango da shi. Tana tafe tana faɗin gidajen, nan gidan su wance, nan gidan wane mahauci. A wani wurin hannunta ya hau bulo, ta janye. A wani wurin ya faɗa iska, don babu bangon, sai ta daina faɗin gidajen har muka wuce. Da muka iso ƙofar zaurenmu na buɗe baki zan ce ta sunkuya, kafin in faɗa ta riga ta sunkuya, daidai wurin, ko mayafinta bai taɓa ba. Raina ya yi fari. Na ce a zuciyata ashe gaskiyarta ce, ni ce ban gane ba.

Tsakar gida cike da mata 'yan sannu da zuwa. Autanmu yana tsaye cikin farin kaftani, baki har kunne. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta shafa kansa, ya shiga ba ta labarin aiki. Rufin kam ya yi abin kirki, ya nemo tsohon magini aka canja azarar da gara ta ci, aka mayar da ƙasa yadda take. Inna tana ta sa albarka har muka kai ƙofar ɗakinta. Nan ta tsaya ta ɗaga ƙullinta.

Ta ce, "Ina matan? A kira mini su in yi musu sannu kafin in taka aikinsu."

Ya ce, "Waɗanne mata, Inna?"

"Masu daɓe."

Ya yi dariya. "Ai maza ne, Inna. Magina ne, ƙwararru, su suka yi mini na shagona."

Na leƙa ta saman kafaɗarta. Ƙasan ɗakin toka-toka ne, sumul daga bango zuwa bango, siminti ne sabo fil, an goge shi har yana sheƙi. Nan take na gane abin da ya faru. A bakin 'yan yanzu in an ce a yi wa ɗaki daɓe, siminti da yashi ake nufi, ni kaina haka nake cewa in ana gini a unguwarmu. Autan ya yi rarrafe a kan na Inna, amma lokacin da ya yi wayo an riga an daina gayyar, bai taɓa jin ƙarar madaɓi ba, kuma ko da ana yi ba a barin namiji ya gani. An ce masa daɓe, ya yi daɓe, ya kuma zaɓi mafi kyau don uwarsa ce.

Inna ta tuɓe takalmanta, ta yi bisimilla, ta sa ƙafar dama. Ta tsaya. Ta ja ƙafar gaba a hankali, ta mayar da ita gefe, ta shigar da ta hagu ta laluba wajen da randa take. Matan da suke bayanmu, tsofaffin cikinsu, duk suka kalli juna.

Ta ce, "Na da ɗin yana ƙarƙashi?"

Na zuba wa autan ido, na girgiza masa kai, na yi duk abin da ake yi da fuska. Ko kallona bai yi ba.

Ya ce, "A'a Inna, ai ba zan yi miki aikin ha'inci ba. Cewa na yi a fasa shi duka a kwashe, kada ya ɗago sabon. Wallahi ya ba su wahala, diga tana tashi kamar a kan dutse. Sun ce ba su taɓa ganin ƙasa mai taurin wannan ba."

Ta ce, "Ai zai ba su wahala. Ina aka kai shi?"

"Mun cike ramin nan na lungu, inda ruwa yake kwanciya. Ai ta kai kuka bi yanzu."

Ta ɗan jima a tsaye. Sannan ta miƙa hannu ta lalubo kansa ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Allah ya ba ka masu yi maka. Ka ba wa maginan wannan." Ta miƙa masa ƙullin. Ya karɓa yana murna, ya fita ya ga ko an sauke abinci.

Ni kuwa haushi ya cika ni. Na juya zan bi shi, don na riga na jera abin da zan gaya masa tun daga kan gaggawarsa ta yarinta. Sai na ji ta riƙe mini gefen mayafi. Yadda aka yi ta san inda nake da abin da zan yi, ban sani ba.

Ta ce, "Ke. Kada ki kuskura. Abin da na ce shi ya yi."

Ban kuskura ba. Ta zauna a ɗakin, ta yi azuminta a ciki, ta ƙi komawa Birnin Kudu ko da na roƙe ta, kuma a cikinsa Allah ya karɓi abarsa da damina ta kewayo. Ba ta taɓa ce wa autan komai ba. Har yau in hira ta biyo ta kan Inna yakan ce shi dai alhamdu lillahi, bai bar ta ta cika a kan tsohuwar ƙasa ba, ni kuma in haɗiye abin da ke bakina in ce Allah ya ba da lada. Yana yi mini ciwo, kuma na san babu wanda zan kama da laifi, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Amma abin da ba ya barina shi ne azahar ɗin ranar da muka kai ta. 'Yan sannu da zuwa sun watse, an kira sallah, na raka ta ta yi alwala na dawo da ita ɗaki. Ta saki hannuna a bakin ƙofa, ta ce in zauna, nan ɗakinta ne. Na zauna a bakin gado. Ta ɗauki abin sallarta ta shiga tsakiyar ɗakin, tana jan ƙafa a ƙasa, ta yi nan, ta dawo nan, ɗan yatsanta yana nema. Ta daɗe tana yi. Ina zaune ina kallonta. Can ta tsaya, abin sallar a rungume a ƙirjinta, ta juyo da fuska inda take zaton nake, ba ma daidai ba.

Ta ce, "Ke, ina gabas?"

Na tashi na kama kafaɗunta na juya ta.